Shin yawan albarushi ne ƙarfin harsashi?

Idan aka ninka albarushin da ke cikin harsashi, ƙarfinsa zai ninku? Tun da labarin tsaro ya mamaye rediyo, bidiyon bindigogi kuma ya cika WhatsApp da TikTok, wannan gardama ba ta ƙarewa a wuraren shan shayi na Zinder, daga Birni har Zango. Wani matashi zai ɗaga waya ya nuna hoton harsashi mai dogon kwanso, ya ce wannan ya ninka na Kalashnikov ƙarfi tunda ya ninka shi girma. Tsohon maharbi da ya saba ɗura bindigar toka da hannunsa zai ce ai albarushi shi ne bindiga, in ka ƙara masa sai ya ƙara maka. Kowannensu da ƙamshin gaskiya a bakinsa, amma lissafin bai tsaya inda suke tsayar da shi ba. Ƙarin albarushi yana ƙara ƙarfi, sai dai kowane giram da aka ƙara ba ya biyan abin da na gabansa ya biya. Akwai kuma iyakar da in aka ƙetare ta, bindigar ce za ta tarwatse a hannun mai ita.

## Me ake aunawa?

Abin da muke kira harsashi a baki ɗaya abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, galibi na tagulla, wasu na ƙarfe. Akwai ɗan maɓalli a gindinsa wanda allurar bindiga ke doka ya ba da tartsatsi. Akwai albarushi a ciki. Sai kan harsashin, dalma da aka lulluɓe da jan ƙarfe, kuma shi kaɗai ne ke fita ta bakin bindiga. Lambobin da ake ji, irin su 7.62×39, ba wani sirri ba ne: ta farko faɗin ramin bututun bindiga ce a milimita, ta biyu tsawon kwanso.

Albarushi ba fashewa yake yi irin ta nakiya ba. Ci yake yi da gaggawa, ya rikiɗe ya zama iska mai zafi wadda ba ta da mafita sai ta tura kan harsashi gaba. A bindigogin zamani matsin wannan iska yakan kai sau 3,000 zuwa sama da 4,000 na matsin iskar da muke shaƙa, kuma duk abin yana ƙarewa cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na sakan.

Masana suna auna ƙarfi da jul. Jul 1,000 shi ne kimanin ƙarfin da ake bukata a ɗaga buhu mai kilo 100 daga ƙasa zuwa tsayin mita 1. Giram ɗaya na albarushin zamani yana ɗauke da wajen jul 4,000. To, tattalin albarushi shi ne a duba jul nawa kan harsashi ya fita da su daga kowane giram da aka ƙona.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun yanzu. Ƙarfin abu mai gudu ya dogara da nauyinsa da kuma gudunsa, amma ba daidai wa daida ba. In aka ninka nauyi, ƙarfi ya ninku sau 2. In aka ninka gudu, ƙarfi ya ninku sau 4. Wato mai son harsashinsa ya ninka gudu sai ya samo ƙarfi ninki huɗu, ko da ba a yi asarar komai a hanya ba. Asara kuwa ana yin ta, ba kaɗan ba.

## Ina sauran ƙarfin yake tafiya?

A harsashin bindiga na yau da kullum, kimanin kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin albarushi ne kawai ke shiga kan harsashi. Wajen kashi ɗaya bisa uku yana zama zafi a jikin bututu da kwanso, shi ya sa ba a iya dafa bututun bayan an yi harbi a jere. Kusan duk sauran yana fita ta baki a matsayin iska mai zafi, shi ne ƙarar da ake ji da harshen wutar da ake gani da dare. Ɗan abin da ya rage gogayya da bangon bututu ke cinyewa.

Dalilin da ya sa ƙarin albarushi ke rage riba yana nan cikin iskar kanta. Ita ma tana da nauyi. Giram 3 na albarushi in ya ci, giram 3 na iska ne, kuma dole wannan iska ta bi kan harsashi da gudu kafin ta ci gaba da tura shi. Duk wanda ya taɓa tura motar da ta ƙi tashi ya san wannan. Da farko duk ƙarfin masu turi a jikin motar yake sauka. Da ta fara gudu, rabin ƙarfinsu sai ya koma wajen gudun kansu don kada ta tsere musu, har a kai inda hannu ke taɓa motar kawai ba ya tura komai. A ƙara mutum goma a wannan lokaci, ba za a ga bambanci mai yawa ba. Haka iskar albarushi take: iya gudun kan harsashi, iya ƙarfin da take ɓatarwa wajen ɗaukar kanta.

Na biyu, tsawon bututu yana da iyaka. Da zarar kan harsashi ya fita, duk matsin da ya rage a bayansa ya tashi a banza. Babban kwanso yana barin matsi mai yawa a wannan lokaci, shi ya sa ƙararsa take fin ta ƙarami nesa ba kusa ba. Jama'a sukan ɗauki tsananin ƙara a matsayin shaidar ƙarfi, alhali babban rabonta ƙarfin da bai shiga harsashi ba ne.

## Daga albarushin Tanimun zuwa na Paul Vieille

Damagaram ba baƙuwar albarushi ba ce. Sarki Tanimun ɗan Sulemanu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma yi mulki har zuwa 1884, ya tara rundunar da masana tarihi ke ambata tana da bindigogi wajen 6,000 da igwa 40. Ayarin Sahara na kawo bindigogi daga Tarabulus, ana kuma haɗa albarushi da ƙera igwa a nan Zinder. Wannan albarushi shi ne baƙin nan na gargajiya mai gawayi da farar wuta. Aibinsa shi ne fiye da rabin abin da yake bari in ya ci ba iska ba ce, toka ce da hayaƙi. Toka kuwa ba ta tura komai, sai dai ta toshe bututu. Duk wanda ya tsaya kusa da ƴan bindigar fada ranar hawan salla ya ga farin hayaƙin nan da ke rufe mutum ruf, ya kuma ga yadda hannun mai ɗurin ke baƙi ƙirin.

A wannan shekara ta 1884, a Faransa, wani masanin sinadarai mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda kusan dukkansa iska yake zama. A duba bambancin a bindigogin sojan Faransa biyu. Gras ta 1874 tana cin baƙin albarushi giram 5.25, ta jefa dalma mai giram 25 da gudun mita 450 a sakan, wato kimanin jul 2,500. Lebel ta 1886 tana cin sabon albarushi wajen giram 2.75, ta jefa kai mai giram 15 da gudun sama da mita 600 a sakan, kusan jul 3,000. Rabin albarushi, amma ƙarfi ya ƙaru, harsashi ya fi miƙewa, hayaƙin da ke tona asirin maharbi kuma ya kau.

A 1899 ne rundunar Damagaram ta Sarki Ahmadu Kuren Daga ta gamu da sojojin Faransa a Tirmini. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba ranar nan. Amma mai ɗura albarushi da dalma ta baki yana dannawa da sanda ba zai yi kafaɗa da mai zura shiryayyen harsashi ta gindin bindiga ba, ko da ya cika bututunsa taf.

A ganina, wannan tarihi ya isa ya raba gardamar da rabi. Babban tsallen da aka yi a ƙarfin bindiga daga irin albarushi ya zo, ba daga yawansa ba. An sake ganin haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amurka ta yi shekaru da harsashin .30-06 na 1906 mai kwanson milimita 63. Da albarushi ya inganta, sai aka fito da 7.62×51, wanda ƙungiyar NATO ta ɗauka a 1954. An rage kwanso da milimita 12, amma gudun da soja ke samu kusan bai canja ba.

## Harsasai uku masu kai iri ɗaya

Hanya mafi sauƙi ta ganin raguwar riba ita ce a ɗauki harsasai uku da ke jefa kai iri ɗaya, mai faɗin milimita 7.62 da nauyin giram 9.7, bambancinsu girman kwanso kawai. Alƙaluman kimani ne, domin suna ɗan motsawa gwargwadon kamfani da tsawon bututu.

Ƙaramin cikinsu shi ne .308 Winchester na 1952, ɗan uwan 7.62×51 na farar hula. Yana cin albarushi kusan giram 3, gudunsa wajen mita 860 a sakan, ƙarfinsa kimanin jul 3,600. Na tsakiya .30-06: albarushi ya haura giram 3.5, gudu wajen mita 890, ƙarfi kimanin jul 3,800. An ƙara albarushi da kusan kashi 20 cikin 100, gudu bai ƙaru da ko kashi 4 ba. Babban shi ne .300 Winchester Magnum na 1963, mai cin wajen giram 4.7. Gudunsa yana kusantar mita 990, ƙarfinsa kimanin jul 4,700. Albarushi ya ƙaru da wajen kashi 60 cikin 100 a kan na farko, gudu ya ƙaru da kashi 15, ƙarfi da kusan kashi 30.

In aka raba, na farko yana ba da sama da jul 1,200 a kowane giram, na ƙarshe da ƙyar ya kai 1,000. Masu nazarin harbi suna da wata ƙa'ida ta kintace a kan haka: duk ƙarin da aka yi wa cikin kwanso, kashi ɗaya bisa huɗunsa ne ke komawa ƙarin gudu. A ƙara kwanso da kashi 40, a sami gudu kashi 10.

Saboda haka matashin da ya nuna hoton dogon harsashi bai yi ƙarya ba da ya ce ya fi ƙarfi. Inda ya kauce shi ne ninkin.

## Faɗin rami da tsawon bututu

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne harsashi mai faɗin kai ya fi siririn tattali. Na Kalashnikov, 7.62×39, wanda Tarayyar Sobiyat ta tsara a 1943, yana cin wajen giram 1.6 na albarushi, ya jefa kai mai giram 8 da gudun kimanin mita 715, ya ba da kusan jul 2,000. Na 5.56×45, wanda bindigar M16 ta Amurka ke ci, albarushinsa kusan daidai da wancan ne, har ya ɗan fi. Kansa giram 4 ne, gudunsa ya haura mita 900, amma ƙarfinsa bai wuce jul 1,800 ba. Iska ta fi samun wurin dafawa a gindin faffaɗan kai, kuma faffaɗan rami yana ba ta sararin da za ta buɗe ta sauke ƙarfinta kafin a kai baki. In da tattali kaɗai ake bi, ɗan mitsitsin .22 na harbin tsuntsu da zomo, mai cin wajen kashi ɗaya bisa goma na giram, yana sahun gaba.

Tsawon bututu ma haka. Duk santimita ɗaya da aka datse yana rage gudu da kimanin mita 3 a sakan, kuma asarar ta fi yawa ga babban kwanso. Magnum, wato harsashi mai babban kwanso, a gajeren bututu wuta da ƙara kawai yake ƙarawa.

## Masu fifita tattali da masu cewa ba shi ne komai ba

Waɗanda suka fi kowa damuwa da tattali su ne rundunonin soja, kuma dalilinsu a fili yake. Harsashin 7.62×51 ɗaya yana da nauyin wajen giram 25, na 7.62×39 kimanin giram 16, na 5.56×45 giram 12. Sojan da ke sintiri cikin rairayi zai ɗauki ninki biyu na ƙaramin a nauyi ɗaya, haka motar da ke kai kaya, haka jirgi. A Yaƙin Duniya na Biyu ne Jamus da Sobiyat suka lura cewa yawancin artabu ana yin sa ne a tazarar da ba ta wuce mita 300 zuwa 400 ba, don haka ƙarfin da ke kai harsashi kilomita guda asarar albarushi ne da tagulla. Daga nan matsakaitan harsasai suka samo asali.

Akwai kuma cin bututu. Iska mai zafi daga babban kwanso tana matsuwa ta ƙaramin rami, tana zaizaye ƙarfen da ke daf da bakin kwanso kaɗan-kaɗan. Bututun .308 yakan yi harbi 5,000 ko fiye kafin saiti ya fara lalacewa, na manyan magnum kuwa galibi tsakanin 1,000 da 2,000. Ga naushin kafaɗa: iskar da ke fita da gudu ita ma tana tunkuɗa bindiga baya, don haka ƙarin albarushi ƙarin duka ne ga maharbi. Mutumin da ya fara tsoron bindigarsa zai riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, shi ke nan saiti ya tafi.

Ɗaya ɓangaren su ma da hujjarsu. Mai harbin nesa yana cewa mita 130 ɗin nan da aka ƙara a gudu, ko da an saye su da tsada, su ne ke rage sunkuyawar harsashi da kaucewarsa in iska na kaɗawa. Ba ƙarya ba ne. Akwai ma lokacin da aka zaɓi rashin tattali da gangan, kuma saboda zafin Afirka. Kamfanonin Ingila da suka fito da .416 Rigby a 1911 da .375 Holland & Holland a 1912 don farautar manyan namun daji sun san albarushin zamaninsu yana hauhawar matsi in ya sha rana. Sai suka yi manyan kwanso masu aiki da sassauƙan matsi, don kada kwanso ya maƙale a bindiga lokacin da ɓauna ta taso. Sun ƙona albarushi fiye da kima, suka sayi kwanciyar hankali.

Wasu kuma suna cewa duk awon da ake yi a bakin bindiga rabin labari ne. Abin da ya isa wurin da aka nufa shi ne abin dubawa. Siririn kai mai tsawo ya fi yanka iska, don haka harsashi kamar 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, yana barin baki da ƙarfin da bai kai na .308 ba, amma bayan ƴan ɗaruruwan mita sai ya cim masa, ya kuma fi shi miƙewa.

Ni dai ina ganin tattali awo ne na gaskiya, amma na masu ƙona harsasai miliyoyi ne da masu tsara su. Ga mutum ɗaya mai lasisi da ke harbi jefi-jefi, kuɗin giram ɗaya da rabi na albarushi ba shi ne zai talauta shi ba. Naushin kafaɗa da lalacewar bututu sun fi kusa da shi, kuma a nan ma ƙaramin kwanso ne ke cin riba.

## Inda maganar ta taɓa mutumin gari

Mafi yawan masu wannan gardama ba su da bindiga, ba kuma za su mallaka ba. Duk da haka akwai wuraren da kuskuren fahimta ke jawo jini.

Na farko shi ne bindigar toka. Imanin cewa in ka ƙara sai ya ƙara maka ya raba maharba da yatsu da idanu. Bututun da maƙeri ya yi da hannu ba a gwada iyakar matsin da zai ɗauka ba, kuma ƙarin ɗuri yana ɗaga matsi fiye da yadda yake ɗaga gudu. Mafi muni shi ne a fasa harsashin zamani a zuba albarushinsa a bindigar gargajiya don a ƙara mata kaifi. Albarushi marar hayaƙi yana da wata ɗabi'a: iya matsin da yake ciki, iya saurin cinsa, saurin cin kuma ya sake ɗaga matsin. An tsara shi ne don ƙarfen masana'anta da aka gwada. A bututun maƙeri, ko ɗan kaɗan ne, fuskar mai harbi ce a kusa.

Na biyu zafi ne. A watan Afirilu da Mayu zafin Zinder yakan haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka sosai. Harsashin da ya gasu a rana yana ba da matsi fiye da wanda aka ajiye a inuwa, kuma dogon zama cikin zafi yana lalata sinadarin albarushi. Tsohon harsashi da yara suka tsinta a daji ko a bola ba abin wasa ba ne, ba a buga shi da dutse, ba a jefa shi wuta. Jandarma ko ƴan sanda ake kira.

Na uku nisa. Mutane suna raina ƙaramin harsashi saboda ƙanƙantar albarushinsa, alhali na .22 yana iya tafiya kilomita 1.5, na Kalashnikov fiye da kilomita 2, na 7.62×51 kusan kilomita 4. Wanda aka harba sama don murna ma dawowa yake yi. Kai mai faɗin milimita 7.62 yana faɗowa da gudun kusan mita 90 a sakan, wanda ya isa ya huda fata ya fasa ƙoƙon kai, in kuma a karkace aka harba shi, gudun saukarsa ya fi haka.

Doka kuma tana nan. Mallakar bindiga da harsashi a Nijar sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI. Farauta tana ƙarƙashin dokar 1998 kan farauta da kare namun daji, wadda ta ɗora ta a kan lasisi da lokaci, ta kuma haramta taɓa wasu dabbobi kwata-kwata. Cikinsu akwai adaks, wata farar barewar hamada, na gandun Termit da Tin Toumma da aka kafa a 2012, wanda wani yankinsa ke cikin jihar Damagaram ta wajen Tasker, inda kusan ragowar wannan dabba na ƙarshe a dajin duniya suke.